Ulun Madam

Tun yana saurayi ake kiransa Birki, saboda yadda yake taka shi. Shekara talatin da wani abu ya yi yana jan doguwar bas ta cikin gari, kuma da wuya a sami fasinjan da ya sauka daga motarsa bai san taurin ƙeyar na gabansa ba. In an yi ƙorafi sai ya dubi madubi ya ce, "Mai son kwanciya ya tafi gidansu." Amma ko akuya bai taɓa bugewa ba, wannan kam a ba shi. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, da muryar da ba ta buƙatar taimakon hon. Abubuwan da ya yarda da su a duniya ba su da yawa, sai dai ya riƙe su gam: namiji ba ya tambayar hanya, ba ya riƙe wa matarsa jaka, kuma ba ya shiga shagon kayan mata ko da ruwan sama ne ya koro shi.

Da ya ajiye aiki sai hawan jini ya ɗan taɓa shi. Ya tashi, amma hannun dama ya yi nauyi, yatsun suka daina jin magana. A asibiti matar da ke gasa masa hannun ta ba shi ƙwallon roba ta ce ya riƙa matsawa. Ya matsa na ɗan lokaci, ya wurga ta ƙarƙashin gado, ya ce shi ba kyanwa ba ne.

Autarsa ce ta jawo komai. Ta zo gaishe shi daga gidan mijinta, ta buɗe tsohuwar durowarta ta ci karo da kwarashin da take saƙa da shi tun tana makaranta, da ragowar ulu. Ta danƙa masa tana dariya.

"Baba, gwada wannan. Ya fi ƙwallo motsa yatsu."

"Auta, aure bai ƙara miki hankali ba," in ji shi.

Ta tafi ta bar kayan a kan tebur. Washegari da matarsa ta fita kasuwa, ya rufe ƙofa ya ɗauka, wai don ya ga abin da mata suke ɓata lokaci a kai. A waya ya sami malamarsa, wata mata da ba a ganin fuskarta sai hannuwa, tana magana da yaren da ba ya ji. Bai damu ba. Tuƙi ma haka ya koya, da kallon hannun ubangidansa, wanda ba ya bayani sai zagi.

Matarsa ta kama shi ne wata rana da ta dawo ɗaukar laima. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙaton mutum ya sunkuya, harshe a waje, zare naɗe a ɗan yatsa.

"Malam, me nake gani?"

"Magani nake sha."

"Da hannu?"

"Likita ce ta ce."

"To Allah ya ƙara sauƙi. In ka gama sha, ka yi mini abin ɗora tukunya."

Suka yi yarjejeniya: duk abin da ya fito daga hannunsa, aikinta ne. Kafin wani lokaci falon ya cika. Talabijin ta sami hula, rediyo ya sami mayafi, har kan firji akwai wani abu mai zagaye da ba a san amfaninsa ba. Baƙi mata suna yabawa, ita kuma tana sunkuyar da kai ta ce, "Ai ɗan taɓawa nake yi." Hannun Birki kuwa ya warware har yana ɓalle maɓalli da kansa.

Da aka ce Auta na da ciki, sai ya ƙudurta zai saƙa wa jikan bargo, shuɗi mai haske, launi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ragowar ulun durowa ya daɗe da ƙarewa. Ya zaga babbar kasuwa can nesa inda ba a san shi ba, ya sami wanda ke ƙara a hannu kamar leda. Ya shiga babban kanti ya tarar da wanda ke tsinkewa in an yi masa kallon banza. Ulu mai laushin da za a sa wa jariri, shago ɗaya ne ke da shi a duk yankin, kuma shagon yana kallon kantin kayan gyaran mota, inda tsofaffin direbobi ke zama a benci tun safe. Shugaban bencin shi ne Bakanike, wanda ya tsufa yana gyara motar Birki yana zaginsa. Ba abin da ke wucewa a titin nan Bakanike bai yi masa suna ba.

Birki ya tsara hanyarsa kamar mai kauce wa shingen 'yan sanda. Zai zo benci ya gaisa, ya sha shayi, ya ce bari ya leƙa kemis ya karɓi maganin jini. Kemis ɗin na jikin shagon zare. Sai ya jira wata babbar mota ta tare tsakani, ya faɗa ƙofar da ba ita ba.

Mai Zare mace ce mai jiki, da tabarau rataye a wuya, ba ta da saurin magana.

"Madam ce ta aiko ni," in ji shi ranar farko, yana kallon silin.

"Wane iri ta ce?"

"Shuɗi."

"Baba, shuɗin da ke shagon nan ya fi motocin tasha yawa. Siriri ko mai kauri? Kwarashinta lamba nawa ne?"

"Huɗu," ya ce, kafin ya tuna ɗan aike bai kamata ya sani ba. "Haka na ji tana faɗa."

Ta zube masa kala-kala a kan kantar shagon. Ya ja bakin zaren ɗaya, ya naɗe a ɗan yatsa, ya goga a cikin tsintsiyar hannunsa inda fata ke da laushi. Mai Zare ta sa tabarau ta kalle shi, ta cire.

"Me za ta saƙa?"

"Bargon jariri."

"To ka ce mata ta saya gaba ɗaya. Kowane zuwan kaya da rininsa. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, amma na wannan watan ba zai yi daidai da na wani watan ba. Ka ga lambar rinin nan a jikin takardar da aka naɗe shi. Ta adana ta."

"Madam ta san aikinta. Ba ni ɗaya."

Ɗaya ne kawai ke shiga aljihun rigarsa bai yi tudu ba. Takardar kuwa tun a bakin kanta ya yage ta ya jefa a kwandon shara, don a ganinsa takarda mai hoton jariri sanye da hula ita ce irin abin da ke faɗowa daga aljihu a gaban mutane.

Haka ya yi ta yi. In dunƙule ya ƙare, ciwon jini ya tashi, a je kemis. Bakanike har ya fara tausaya masa, yana cewa wannan magani da Birki ke sha ko injin tirela aka zuba wa ya isa ya tashi. A gida kuwa yana saƙa a ƙuryar ɗaki, labule a sake, ƙarƙashin ƙwan lantarki, kada maƙwabta su hango ta taga. A wannan haske bargon ya yi kyau ƙwarai.

Ya kusa gamawa ke nan matarsa ta ɗauka wata safiya ta kai igiyar shanya ta bayan gida don ta kaɗe ƙura. Sai ga ta tana kira.

"Malam, zo ka gaya mini. Tutar wace ƙasa ce wannan?"

Ya fito. Fiye da rabin bargon shuɗin da ya zaɓa ne. Daga nan sai wani mai duhu ya karɓa, bayansa wani da ya karkata wajen kore kamar mai shirin canza sheƙa. Layin da suka haɗu a miƙe yake sambal, makaho ma sai ya ji shi a jikinsa.

"Jariri ba zai sani ba," in ji ta.

"Ni zan sani."

A ranar ya warware duk abin da ba na farkon ba, aikin makonni ya koma tsibin zare mai lanƙwasa a kan tabarma. Ga shi Auta ta shiga watanta, tana tafiya tana dafa bango. Abin da yake bukata shi ne ulun zuwan farko, kuma lambarsa ta daɗe da tafiya bola.

Ya fara da dabara. Ya yanki ɗan guntun zare ya sa a gidan ashana ya kai. Mai Zare ta ce sili ɗaya ƙarya yake yi, kowane shuɗi zai yi kama da shi, sai an ga saƙar kanta. Sai ya tura matarsa, tunda dai ulun nata ne. Ta ci ado ta tafi, ta dawo da wani shuɗi mai kauri mai ƙyalƙyali, da fuska a murtuke.

"Wannan fa?"

"Shi ya fi kyau a shagon."

"Labulen gidan rawa zan saƙa?"

"Kada ka tsokane ni, Malam. Matar nan ta tambaye ni lambar kwarashina, na ce babba. Ta miƙo mini ɗaya wai in nuna mata irin saƙar, na riƙe shi kamar cokali. Ta ce in gaya wa mai saƙar ya zo da bargon da kansa, da rana tsaka. Tana da ragowar tsofaffin zuwa a kwali, a gauraye, sai an gwada da ido a hasken waje." Ta cire mayafi ta jefa a kujera. "Kuma ka ji, na sauka. Matar mai gidan nan ta kawo mini rigar sanyin ɗanta in gyara, tun yaushe nake cewa idona ke ciwo. Jiya har magani ta aiko mini. Daga yau ka nemi wata Madam ɗin."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tuna mata shekarun zamansu. Ta ce ta tuna su sarai, shi ya sa.

Ya sa bargon a tsohon kwalin batir ya ɗaure da igiya. Da ya iso titin rana ta take, bencin a cike, ba ko babbar mota ɗaya da za ta rufa masa asiri.

"Birki, batir ka sayo?" in ji Bakanike. "Na wace motar? Ko kai za a sa wa?"

Birki ya gyara riƙon kwalinsa. Ya wuce kemis, ya shiga shagon zare ta ƙofar gaba, idon benci duka a bayansa.

Mai Zare ta jawo kwalinta har bakin ƙofa. "Fito da shi, Baba."

"A nan ciki ba zai yiwu ba?"

"Ƙwan lantarki ne ya kai ka inda kake."

Ya fito ya tsaya a kan dakali, ya ware hannuwa, rabin bargon jariri a shimfiɗe tsakaninsu. Tana ɗauko dunƙule ɗaya bayan ɗaya tana ɗorawa, ta ja baya, ta girgiza kai. Can tsallake an daina hira. Wani ya ajiye kofin shayi.

"Kai Birki," Bakanike ya ɗaga murya, "Madam ta mai da kai igiyar shanya ke nan?"

Aka yi dariya, amma irin wadda ake yi wa mijin da aka aika. Wannan da sauƙi. Kowa a bencin an taɓa aikensa, sai dai bai faɗa ba. Birki ya ji ƙafarsa ta taka ƙasa. In ya yi shiru, da wannan zai tsira.

Mai Zare ta ɗora wani dunƙulen ta ce, "Yauwa, wannan ne."

Ya duba. Ya yi kusa ƙwarai, amma akwai ɗan duhu a cikinsa, kaɗan, kamar inuwar gajimare. Da ɗan aike ne, da ya karɓa ya yi godiya ya tafi.

"Ba shi ba ne," ya ce a hankali.

"Shi ne, Baba. Madam ba za ta ga bambanci ba."

"Na ce ba shi ba ne."

"Ni fa sana'ata ce."

"Sana'arki sayarwa ce. Ni nake saƙa shi. Wata da watanni zaren nan yana bin yatsana, za ki gaya mini launinsa?"

Birki bai taɓa iya magana ƙasa-ƙasa ba in ransa ya ɓaci. Har mai kemis sai da ya leƙo. Sai bencin ya fashe da dariya. Bakanike ya riƙe ciki yana dukan cinyar na kusa da shi, yana tari, yana cewa a kawo masa ruwa. Mai Zare ko murmushi ba ta yi ba. Ta tura masa kwalin da ƙafa.

"To zaɓa da kanka."

Ya tsuguna a gaban jama'a yana tonon kwali, yana ɗagawa sama yana ƙanƙance ido. A can ƙasa ya same su, wasu da takardarsu, isassu har da ragi. Ya kwashe duka. Kwalin batir bai ɗauke su ba, sai ta zuba masa sauran a farar leda da ake ganin cikinta.

Kafin ya tsallaka titi an riga an raɗa masa sabon suna: Goggo.

Ba a yi masa da sauƙi ba, kuma ba a gaji ba. Ba wanda ya zo daga baya a ɓoye yana roƙon a saƙa masa hula. Wani tsohon direban tanka ma ya rage sakin fuska da shi, in sun gaisa da ƙyar yake ba da yatsu. Yaran tasha da ba su taɓa ganin Birki a kan sitiyari ba sun ɗauka Goggo ne sunansa na asali, suna faɗa da ladabi.

Bargon ya kammala kafin haihuwa, launi ɗaya tas, da ɗan farin baki a gefe. Auta ta juya shi ta ce kai, Baba, da laushi. Saboda laushin ne ta shimfiɗa shi ƙarƙashin jaririn, a kan ledar katifa, inda yake karɓar abin da jarirai ke bayarwa. Ba wanda ya taɓa cewa uffan game da launin.

Yanzu da safe yake zuwa sayen ulu, ya saya gaba ɗaya, ya karanta lambar rini a jikin kowane dunƙule yana sa Mai Zare jira. In ya fito sai ya tsallaka ya zauna a benci, ledar a kan cinyarsa.

"Goggo," in ji Bakanike kwanan nan, "yau kuma me za a saƙa mana?"

"Takunkumi," in ji Birki. "Na auna bakinka da ido. Dunƙule biyu zai ci, na mai kauri."