Amaryar da Ta Fito Shuɗiya

Nazifa ta buɗe shafi fari fat a allon kwamfutar, ta ja gefe don mahaifinta ya gani.

"Baba, yanzu fa?"

Malam Sha'aibu ya matso da kujerarsa, ya ƙura ido. "Injiniya, ai ba ki yi komai ba. Har yanzu ruwan ɗorawa ne, kamar tsohuwar jarida."

Ita kuwa fari take gani, fari kamar nono. Allon ma ba nasu ba ne, na aro ne daga wani mai gyara a Mayil Wan, kuma a gabanta aka gwada shi lafiya ƙalau. Ta bar kallon allon, ta koma kallon idon mahaifinta.

Duk Bahaushen da ya daɗe a Fatakwal ya san Sha'aibu Mai Fenti. Daga Gumel ya zo yana saurayi, a bayan motar shanu, bai san kowa ba. Ya fara da rubuta wa mahauta da masu shayi allunan sana'a, yana dama fenti a gwangwanin madara. Idonsa ne jarinsa. Ka nuna masa gefen zane sau ɗaya, gobe ka zo ka tarar da kalarsa a bango. Da injinan buga manyan allunan talla suka kashe aikin buroshi, bai zauna kuka ba. Ya sayi kwamfuta ta hannu, mai allo mai ƙatuwar ƙeya, ya koye ta da yatsa ɗaya. A ɗakinsa na haya a Borokiri yake tsara katin aure, kalandar suna, da sitikar saukar karatu. Da wannan tsohuwar kwamfutar ya riƙe Nazifa bayan rasuwar mahaifiyarta, har ta yi digiri a ilimin kwamfuta. Ta gama hidimar ƙasa ta dawo, aiki ya ƙi samuwa. Shi ya sa yake tsokanarta da Injiniya.

Abin ya faro ne daga Hajiya Rahamatu mai abinci, wadda ta ba shi aikin kalandar bikin 'yarta. Ranar da aka ɗauko kalandar daga wurin bugu, sai ga ta a ƙofar ɗaki, ko zama ba ta yi ba.

"Malam, 'yar tawa ce wannan, ko daga marina aka tsamo ta?" Ta ware kalandar. Fuskar amarya shuɗiya, haƙoranta ma shuɗi. "Dangin ango sun taso tun daga Anacha, me zan raba musu? Na ba ka amarya ka mayar min da aljana."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Injin ne ya tsufa. Ga mai digiri a gida, za ta duba shi."

A ranar har daɗi Nazifa ta ji. Karo na farko ke nan da karatunta zai yi wa gidan amfani. Ta kwance wayar da ke haɗa allon da kwamfutar, ta tarar ɗaya daga cikin siraran haƙoranta ya lanƙwashe, ta miƙar da shi da allura. Baba ya ce ba a rabu da Bukar ba. Ta sayo sabuwar waya. Ta ɗauke rediyon da ke jingine da allon, don ta san maganaɗisun lasifika yana ɓata kalar irin waɗannan tsofaffin. Ta shiga wurin saita kala, ta ga an ƙure shuɗi har ƙarshe, ta mayar da shi tsakiya. Washegari ta tarar ya koma ƙarshe. Ta ɗauka allon ne yake mantuwa, shi ya sa ta hau keke ta je ta aro wani.

Yanzu da take kallon idonsa, komai ya fito mata fili. Shi ne yake ƙure shuɗin. Da na allon bai ishe shi ba, sai ya koma ƙara wa hotunan kansu, yana ƙoƙarin kashe wata rawaya da ba kowa ke ganinta ba sai shi.

"Baba, tun yaushe?"

Ya kashe allon da kansa.

"Tun azumin bara farar rigata ta ƙi fita. Na yi ta yi wa mai wanki faɗa, bawan Allah." Ya shafa gemunsa. "Kada ki kai maganar nan waje. Mai fenti in ba ido, sunan me za a kira shi?"

Ba ta kai ba, amma kalandar ta riga ta. Hajiya Rahamatu ta manna ɗaya a jikin rumfarta, duk wanda ya zo cin tuwo sai ya yi dariya kafin ya wanke hannu. Masu shirya musabaƙar unguwa, waɗanda ya shekara da shekaru yana yi wa aiki fisabilillahi, suka kai katinsu wurin wani mai tsarawa a waya. Ba wanda ya taka ya zo ya ce, Malam, lafiya kuwa? A masallaci ana gaishe shi da cikakkiyar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, sannan a wuce da aikin a aljihu. Mutumin da rubutunsa ke saman rabin rumfunan kasuwar, hoto ɗaya ya shafe shi.

Da ƙyar ta shawo kansa suka je asibiti. Likita ta haska idon, ta ce yanar ido ce, kuma ba abin tsoro ba ce, ana cire ta. Amma gwajin jini ya nuna suga ya daɗe a jikinsa ba a sani ba.

"Sai mun ga bayan idon," in ji ta. "In sugan bai taɓa can ba, za a yi aiki ya koma sana'arsa. In ya taɓa, cire yanar ba zai dawo da abin da ya tafi ba."

"Likita, ni dai kala nake so," in ji Malam Sha'aibu. "Hanya ko da sanda zan gane ta."

Aka ɗauki hoton cikin idon, aka ce za a tura wa wani babban likita a Inugu ya duba. Aka karɓi lambar wayar Nazifa.

Tun daga nan ba ta iya cin abinci sosai. Ko wanka za ta shiga, sai ta ɗora wayar a kan taga. Malam Sha'aibu yana zama a bakin ƙofa da carbinsa, yana amsa gaisuwar masu wucewa. Ta koma asibitin ranar Litinin, aka ce ta yi haƙuri. Har yau ba a aiko da sakamakon daga Inugu ba.