Daga Port Richmond Zuwa Parkchester Neman Wanda Ya San Fuskar 'Yata

Ranar Asabar, ƙarfe shida saura ashirin, muka fito daga gida a Port Richmond, ni da 'yata ta fari. Sunanta Safiya. A takarda nake iya rubuta shi, a baki kuwa "ke" nake ce mata, kamar yadda aka rene mu a Kumasi.

A Ingila aka haife ta, fasfonta na can ne. Na yarinta ya ƙare, ta cika sha shida, sai na manya. Da ta canza kama sosai daga tsohon hoton, aka ce dole wani mai aikin mutunci, wanda ba dangi ba, wanda ya san ta shekara biyu, ya sa hannu a fom, ya kuma rubuta a bayan sabon hoton cewa fuskarta ce. Mahaifiyarta tana asibiti a can, za a yi mata aiki wata mai zuwa, Safiyar take kira ta je. In takardun ba su shiga gidan waya kafin ƙarfe biyu ba, sai Litinin, ga shi mun riga mun makara.

Bas da jirgin ruwa

Bas ya ɗauke mu, dala biyu da santi casa'in kowa. Minti ashirin da biyar muka isa tashar jirgin ruwa ta St. George. Jirgin ruwa kyauta ne, ya tashi shida da rabi. Ban zauna ba. Sau uku ina buɗe ambulan ina dubawa, har ta karɓe ta sa a jakarta.

Morris Heights

Jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya sauke mu tashar Burnside ƙarfe takwas da ɗan kai. Wurin Alhaji Mamudu muka nufa, mai kantin magani, abokina na shekara goma sha biyar. Sai tara yake buɗewa. Muka sha koko da ƙosai a shagon wata 'yar Nima, mutuniyar ƙasarmu, dala bakwai, ina sha ina kallon agogo.

Alhaji ya zo tara da minti goma. Muka gaisa, Safiya ta rusuna daga bakin ƙofa, ya amsa yana kallon ƙasa. Ya sa tabarau ya karanta fom ɗin har ƙarshe, ya ajiye biro.

"Malam Idi, ba zan iya ba."

"Alhaji, a gabanka ta girma. Kai ka yanka ragon saukarta."

"Ragon na sani. Muryarta na sani, in na zo gidanka daga bayan labule take gaishe ni. Amma tun da ta sa hijabi ban ɗaga ido na kalle ta ba. Yaya zan rubuta cewa wannan fuskarta ce?"

"To ga ta nan, kalle ta yanzu."

"In na kalle ta yanzu, sanin minti ɗaya ke nan. Su shekara biyu suka ce."

Na so in yi fushi, ban sami inda zan kama ba. Na lissafa sauran manyanmu a zuci, akanta, malamin makaranta, mai aiki a ofishin jakadanci. Duk maza ne masu kunya irinsa. Alhaji ya ce in gwada Hajiya Rakiya, nas ce a Parkchester, tsohuwar maƙwabciyarmu. Na kira ta, ta ce sha biyu take fita aiki, ba ta jiran kowa.

Kuskurena a tashar 125

Goma da kwata muka sauka don canza jirgi. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, na ce ta bar ni in karanta allo da kaina. Na ga lamba shida, na ja ta muka shiga. Sai da ƙofa ta rufe ta ce da Turanci, Baba, lambar daidai ce, amma wannan baya yake komawa. Muka sauka tasha ta gaba, muka haura titi, muka tsallaka, muka sake biya. Minti ashirin da biyar suka tafi.

Parkchester

Gidajen nan duk kama ɗaya, jan bulo. Sha biyu saura kwata muka sami ƙofar. Hajiya ta buɗe cikin kayan aiki, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Safiya uwar rigima! Zo nan gaban taga." Ta kama haɓarta ta juya hagu da dama, ta dubi hoton. "Ita ce. Ga tabon da ta faɗo daga keke, ni na wanke shi. Malam Idi, wane gefe yake, in kai uba ne?"

Na ce dama.

"Hagu. Ku maza, sai ku ciyar da yaro shekara goma sha shida, a kasuwa ku wuce shi."

Ta zauna a hannun kujera ta cika fom, ta ɗauko nata fasfon ta kwafi lambarsa, ta rubuta a bayan hoto, ta sa hannu. Ta cusa mana leda da waken shinkafa da kifi, ta rufe ƙofa muka sauko tare.

Gidan waya akwai layi, mutum tara a gabanmu. Ɗaya da minti arba'in ma'aikaciyar ta buga hatimi ta jefa ambulan a kwando. Sai a lokacin na ji ƙafafuna.

Komawa

A jirgin ruwan ƙarfe huɗu na zauna. Muka ci abincin Hajiya da cokali ɗaya. Tana kallon ruwa, ni kuma na kalle ta, da gangan, tsawon lokaci. Tabon yana nan a hagu, ƙarami. Goshin na mahaifiyata ne, ban taɓa lura ba.

Ta juyo ta ce, "Baba, mene ne?" Da Hausa ta faɗa.

"Ba komai. Kira mamanki ki gaya mata an aika."

Biyar da minti ashirin muka shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Hajiya Rakiya da ta sa hannu, da Alhaji Mamudu da ya ƙi.