Ƙaramar Motar da Ta Kai Inna Kano

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Mu Fulani ne da suka zauna suka kama noma a wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, shanun sun ragu amma kunyar tana nan yadda kakanni suka bar ta. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar mahaifina, wadda ke aure a Kazaure. Ita ta goya ni, ita ta sa ni makaranta. Inna kuwa, wadda ta haife ni, ba ta kiran sunana, ba ta duban fuskata, ba ta zama kusa da ni. In na je gaishe ta sai in durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa bango. In tana da magana da ni sai ta ce wa ƙanwata, "Ki gaya wa ɗan Goggo kaza," alhali ga ni zaune ina ji. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don man shanun da ya fi kyau a gidan ni ake aiko wa. Amma ba zan ɓoye ba, wani lokaci abin yana ci mini rai.

A shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasa ina malamin gona, ina yawo a kan babur tsakanin Roni da Babura da Kanya Babba, ina koya wa manoma zuba takin zamani suna yi mini kallon yaro. Sai gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya, gari ya rikice. Wanda jiya yake cin bashin goro, yau yana zancen mota. Ni ban sa mota a raina ba, babur ɗina ya ishe ni. Abin da ya sauya mini shawara shi ne ranar da ƙanwata ta zo ta ce Inna ta fara zuba nono a gefen ƙwarya. Ashe yanar ido ce ta rufe mata idanu biyun. Likitanmu na Kazaure ya ce aikin sai Kano, kuma ba zuwa ɗaya ba ne: za a je gwaji, a koma aiki, a riƙa komawa dubiya. Ya kuma ce kada a ja lokaci. Babbar mota ba ta shiga ƙauyenmu sai ranar kasuwa, Inna kuma tana fama da ƙugu, ba ta iya hawa. Batun in goya ta a babur kuwa, ko a mafarki ban isa in kawo shi ba.

Da na haɗa ariyas ɗin da ɗan rancen da darajar aikina ta ba ni dama, abin da ke hannuna ya isa ɗayan biyu: ƙaramar mota sabuwa, ko babba wadda ta sha jiki. Na tafi Kano da niyyar babba. Ba don taƙama ba, ko da yake ba zan rantse babu ita ko kaɗan ba. Lissafina shi ne tazara. Ina neman motar da Inna za ta zauna can ƙurya, ni ina can gaba, yadda za ta ga kamar ba tare muke ba.

Wani dillali ya kai ni wurin wata doguwa mai kujeru jeri uku, ta wani babban ma'aikaci da ya yi ritaya. Na zauna a mazaunin direba na waiwaya, na ga kujerar baya can nesa, raina ya yi fari. Sai na tambaye shi yadda take shan mai.

Ya yi murmushi ya ce, "Haba Alhaji, ai mai irin wannan mota ba ya tambayar mai."

Ban je Makka ba a lokacin, kuma amsar ba ta kwanta mini ba. Mai ba shi da tsada a zamanin, amma samunsa shi ne aiki. Ƙasa tana haƙo shi tana sayar wa duniya, mu kuma muna layi. A Kazaure sai gidan mai ya yi kwanaki a bushe, daga nan zuwa Gwiwa kuwa babu inda za ka samu ko na fitila. Na riga na ga abokan aikina biyu da suka sayi manya, motocin suna ƙofar gida yara na wasa a kai, masu su sun koma kan keke. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na je na duba ƙaramar. Wata 'yar dunƙulalliya ce mai ƙusumbi, ƙofa biyu, injinta a baya, yara suna ce mata kunkuru. Ba a zuba mata ruwa, iska ke sanyaya ta. Wani bakanike da na sani ya ce in na cika tankinta zan je ƙauye in ɗauko mutum, in kai shi Kano in dawo, da sauran mai. Ya ce ba ta da nauyi, rairayin hanyarmu ba zai riƙe ta ba, kuma kayan gyaranta ko a gefen titi ana samu. Komai nata ya yi daidai da aljihuna. Da na shiga na waiwaya, sai na ga wanda ke baya gwiwarsa a jikin kujerata take. Na fito, na hau motar haya na koma gida ban sayi komai ba.

Na zayyana wa Goggo duka. Tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Wato za ka sayi wadda ba za ka iya ciyarwa ba, don uwarka ta ji daɗin kau da kai."

Na ce, "Goggo, kin san halinta. Ba za ta shiga ƙaramar ba."

"Na riga ka saninta, ni na je ɗauko ta ranar aurenta. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawa. Ka sayi wadda za ta kai ku ta dawo da ku. Shigar da ita kuma ka bar mini."

Haka na sayo kunkuru. A ofis an sha dariya. Wani ya ce in na gaji da tuƙa ta in saka ta a aljihu, wani ya leƙa gaba bai ga inji ba ya ce an cuce ni. Na bar su, daidai ruwa daidai tsaki.

Ranar da za mu fara zuwa gwaji, muka isa ƙauye da hantsi ni da Goggo. Gari ya fito kallo. Ƙanwata ta riƙo hannun Inna ta kawo ta, ni kuma na ja gefe. Da yake ba ta gani sosai, da hannu ta duba motar. Ta shafa rufin, ta shafa ƙofa, ta zura hannu ciki.

Ta ce wa Goggo, "Yaya, mai tuƙin a ina yake zama?"

Goggo ta ɗora hannunta a kan kujerata.

"Ni kuma fa?"

Goggo ta matsar da hannun baya kaɗan. Ko kamu ɗaya bai kai ba.

Inna ta janye hannunta ta ce, "Allah ya sa albarka, ya tsare. Idon nan ai na ga abin da zan gani da shi." Ta juya ta lalubi hanyar ɗakinta.

Ban taɓa jin haushin al'adarmu kamar ranar ba. Mace za ta zaɓi makanta a kan ta zauna kusa da ɗan da ta haifa. Na ji haushin kaina ma, na ce da na sani na sayi doguwar ko da zan riƙa tura ta. Na ce wa Goggo to bari in koma Kazaure in nemo wani ya tuƙa, ni in bi su a babur.

Goggo ta ce, "Ɗanta na da mota, bare ya kai ta asibiti? Ba da raina ba. Samo mini igiya."

Ta kwance ƙullin kayanta ta ciro wani zanen atamfa. Ta ɗaura igiyar daga wannan gefe zuwa wancan, daidai bayan kujerun gaba, ta rataya zanen ya sauka har ƙasa. Ta ja baya ta duba aikinta, sannan ta shiga wurin Inna. Ina jiyo ta daga waje tana cewa, "Taso ki gani. Ga ɗaki, ga zaure. Ko a gida ma abin da ke tsakaninku ke nan."

Aka sake fito da Inna. Ta shafa zanen daga sama har ƙasa, ta ja shi ta ji ya ɗauru. Can ta ce, "A ce masa ya matsa." Na zagaya bayan rumbu na tsaya kamar ɓarawo har aka kwantar da kujera ta shiga, Goggo ta bi ta. Sannan aka kira ni.

Tuƙi da labule a bayanka ba daɗi, don ba ka ganin abin da ke biye da kai sai ka leƙa ta taga. Amma na sami abin da ban yi zato ba. Injin yana bayansu, yana da ƙara, dole sai sun ɗaga murya. Inna kuma da ta ga zane ya tsare, sai ta manta da ni. Tun da nake ban taɓa jin hirarta ba, sai a wannan tafiya. Ashe mace ce mai ban dariya. Tana kwaikwayon muryar mahaifina in yana cinikin bijimi, tana ba da labarin wata maƙwabciya da ta rina akuya don kada mai ita ya gane ta. Goggo tana dariya har da tari. Ni kuwa ina gaba ina cije leɓe, don na san in na yi motsi hirar ta ƙare. Na rage gudu da gangan.

Ranar da aka sa za a yi aikin ta faɗo cikin wani matsanancin rashin mai. Tun daga Kazaure har Kano kowane gidan mai layi ne ba iyaka, manyan motoci sun yi cirko-cirko, masu su na zaune a inuwa da jarkoki. Ni abin da ke tankina bai fi rabi ba, na kuwa san in muka rasa ranar sai an sake ba mu wata ranar, Allah kaɗai ya san yaushe. Ina tafe ina duban allurar mai ina salati. Muka isa ƙofar asibiti allurar ba ta kwanta ba. A nan na gode wa Allah da ya sa kuɗina ba su da yawa, na gode wa Goggo da bakinta. Da doguwar na saya, da muna can gefen hanya.

Aka yi aiki lafiya, ta yi kwanaki a kwance, Goggo na jinya. Da aka kwance bandejin aka ba ta wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar sallama na ɗaura zanen da kaina, na koma gefe suka shiga, muka kamo hanya.

Tun daga bayan gari take ta lissafa abin da take gani ta taga. Ga raƙuma, ga gero ya yi kai, ga wata mata da jan gyale. Murna take kamar yarinya, ni ma ina taya ta a zuci. Da duwatsun Kazaure suka fara bayyana sai ta bar lissafin. Jim kaɗan na ji ta ce, "Yaya, zanen nan yana tare iska. Zafi nake ji."

Na ji Goggo tana kwance igiyar, zanen ya zame, haske ya shigo ta baya. Na kafa idona a kan kwalta, wuyana ya ƙage. Da na gaji na saci kallon madubin da ke sama da kaina, sai na ga manyan idanu biyu a cikin tabarau suna kallona. Na yi sauri na kau da kai. Da na sake dubawa suna nan, ba ta ɗauke su ba.

Ta ce a hankali, "Yaya, yaushe ya yi furfura?"

Goggo ta ce, "Ni kike tambaya? Ga shi nan a gabanki."

Muka yi tafiya mai ɗan nisa. Ina da mata da 'ya'ya a lokacin, amma ji nake kamar an kira ni gaban alƙali. Sai na ji yatsunta sun taɓa bayan kujerata, ta matso kaɗan. Ba ta bi ta kan Goggo ba.

Ta ce, "Tun safe kake tuƙi. Ka ci wani abu kuwa?"

Ban ci ba. Amma na gyaɗa kai kawai, na san tana gani.