Fedar Badamagare

A shekarata ta shida a New York na fara hawan keken daji, irin mai kaurin tayar nan da ake bi ta kan duwatsu da saiwoyi da shi. Aikina gwajin jini ne a wani asibiti, yini guda a zaune ina kallon kwalabe, har tumbi ya fara yi min sallama. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni Highbridge, can saman Manhattan, inda aka fasa ’yan hanyoyi a tsakanin itatuwa. Ita ce kuma ta koya min feda mai kama takalmi. Takalmin nata na musamman ne, da ɗan ƙarfe a ƙarƙashinsa. Ka taka feda ka ji ƙas, shi ke nan ƙafarka ta zama ɗaya da keke, in za ka sauka sai ka murɗa dunduniya waje. A jikin fedar akwai wani ɗan sukuru mai alamar ƙari da ragi. Sabon shiga, ragi ake kai masa shi har ƙarshe, ya jingina da bango ya yi ta sawa yana cirewa har ƙafarsa ta haddace. Haka matar nan ta yi min, Allah ya saka mata da alheri. Na kawo wannan ne tun da wuri don kada wani ya yi min uzuri da rashin sani.

Lokacin ƙanwata tana zaune a wurina a unguwar Mount Hope da ke Bronx, tana karatun haɗa magunguna. Ni na ɗauko ta daga filin jirgi, ni na koya mata shiga jirgin ƙasa, ni ne uwa ni ne uba. Kwatsam sai ga wani Badamagare, mai aikin fassara a wani ofishi a tsakiyar gari, ya ce yana sonta. Ita kuwa bakinta har kunne.

Ban taɓa kama mutumin nan da laifi ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Dogo ne siriri, magana a hankali kamar mai tsoron tada barci. Ya girme ni da shekara biyu amma Yaya yake ce min, yana russunawa. Kafin wata uku ƙanwata ta daina tambayata komai. Ko fitila ce ta mutu a ɗaki sai in ji ta ce, “Bari in tambaye shi.” Na ƙullace shi, kuma ba ni da dalilin da zan iya faɗa a gaban mutane.

Sai na samu ƙofa. Ni Bakano ne, shi Badamagare, kowa kuma ya san akwai wasa tsakaninmu tun kaka da kakanni. Na shiga yaɓa masa duk abin da ya zo bakina. In ce masa bawana, in ce kakansa da ya fara ganin bene a Kano sai da aka yayyafa masa ruwa. Shi kuma ba damar fushi, don mai fushi da abokin wasa shi ake yi wa dariya. Sai ya yi murmushi, ya sako Faransancinsa ya ce, “Bon, Yaya, na ji.” Mutane suna cewa muna shiri. Ni kaɗai na san cewa ba wasa nake ba.

Da bazara Baba ya zo daga Kano duba idonsa, zai yi sati shida. Da aka kai masa maganar ya ce ba ya ba da ’ya ta waya, zai kalli yaron da idonsa, kafin ya koma kowa zai ji amsa. Badamagare ya zo gaisuwa sau biyu, Baba bai ce e ba bai ce a’a ba. Ƙanwata har ta rame.

A cikin satin na huɗu Badamagare ya kira ni. “Yaya, na sayi velo, keke irin naka. Ina so in riƙa bin ka daji, in ba damuwa.” Na san ba daji yake so ba, ni yake so ya samu a bayansa kafin Baba ya yanke. Na ce ya same ni a shagon kekuna ranar Alhamis, in zaɓar masa feda.

Mai shagon, da ya ji sabon shiga ne, ya ɗauko feda shimfiɗaɗɗa irin ta kowa da kowa, ya ce ya fara da ita. In kuma lallai sai mai kamawa, ga wani ƙarfen takalmi fari, mai saki ta ko’ina ka fizga. Na ce wa mai shago da Turanci kada ya damu, mutumin tsohon hannu ne. Na juya na ce wa Badamagare da Hausa, “Wannan na yara ne. Ko so kake a ce surukin Kanawa matsoraci ne?” Na zaɓar masa baƙin ƙarfe, wanda ba ya saki sai ta hanya ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu yana godiya.

Ni na ɗaura masa fedar a ƙofar gidanmu, yana tsaye yana riƙe min keken. Kowace feda fuska biyu gare ta, sukuru huɗu ke nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na juya wajen ƙari har suka ƙi motsi. Ban ce ya jingina da bango ba. Na ce masa kawai, “In za ka sauka ka murɗa ƙafa.” Ya ɗauki kekensa da kwalin fedar ya tafi.

Ranar Asabar muka shiga Highbridge. Faɗuwar farko tun ba mu bar ciyawa ba. Ya ja birki, ya tsaya cak, ya yi ta fizgar ƙafa sama, sannan ya tafi gefe a hankali kamar buhun gero da aka jingina ba daidai ba. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ta biyu a kan saiwa, ta uku cikin taɓo. Ina ƙirgawa da ƙarfi ina cewa Kano uku, Damagaram ba ko ɗaya. Gwiwar hannunsa tana jini, ya goge da ganye ya sake hawa.

“Yaya, haka take da tauri?”

“Haka take. Ƙafar Damagaram ce ba ƙwari.”

“Dakor,” in ji shi, wato ya yarda.

Zuwa azahar ya gano dabara. In ya hango wurin tsayawa tun daga nesa, sai ya tattara ƙarfinsa ya murɗa, wani lokaci ta saki. In ba ta saki ba ya nemi itace ya rungume. Abin da ba zai iya ba shi ne tsayawar ba-zata. Na lura da wannan, na ajiye a raina.

Bayan la’asar muka haye gada muka shiga Bronx. Na san inda Baba yake a wannan lokacin. Kullum yana zama da wasu dattawa a kan kujerun ninkewa a ƙofar shagon wani mutumin Kumasi, suna shan iska. Da safe kuwa Badamagare ya tambaye ni Baba, na ce ya tafi Harlem ziyara, sai dare. Hanya biyu ce ke kaiwa gidanmu. Na ɗauki mai gangara, wadda kana shan kwana shagon yana gabanka.

Lissafina mai sauƙi ne. A wurinmu ba a gaida babba daga kan keke, balle wanda kake neman ’yarsa. Sauka ake yi, a durƙusa. To ko ya wuce Baba a guje a ce ba shi da kunya, ko ya kife a gaban dattawa ya zama abin ba da labari. Duk wanda ya faru, ni riba ce.

Na sha kwana a gaba, na ɗaga hannu na ce, “Baba, barka da yamma,” kamar yadda na saba, na wuce na tsaya can ƙasa na waiwayo. Na ga lokacin da Badamagare ya gane Baba. Titi a buɗe yake, ga sandar fitila ’yan taku kaɗan a gaba wadda zai iya kamawa, amma dole sai ya wuce dattawan kafin ya kai gare ta. Bai wuce ba. Ya damƙe birki daidai gabansu. Na ga dunduniyarsa tana kokawa, dama, hagu, dama. Keken ya tsaya shiru na ɗan lokaci, sannan ya tafi dama, ya kai hannu ya tare, hannun ya sauka a kan bakin dakalin titi. Daga inda nake na ji ƙarar.

Na yi dariya. Wannan ma ba zan ɓoye ba. Dattawa biyu suka taya ni, sannan suka yi shiru, suka bar ni ina yi ni kaɗai.

Yana kwance, keke a kansa, ƙafafunsa biyu har yanzu a manne. Ya ɗago kai ya ce, “Baba, ina wuni. Ku gafarce ni, ban samu sauka ba.” Wuyan hannunsa ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Mutumin Kumasi ya yi ta jan ƙafar ta ƙi, sai ya kwance igiyar takalman ya zare ƙafafun. Aka ɗaga keken da takalma biyu suna lilo a jikin feda. Baba da kansa ya durƙusa ya cire masa hular kwano, yana ta “Sannu, ɗana, sannu.” Ni aka sa na bi motar asibiti. Karaya biyu ce, sai da aka sa ƙarfe.

Washegari muna karyawa Baba ya dubi ƙanwata ya ce, “Ki gaya wa yaron nan ya turo manyansa.” Ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Sannan ya juyo kaina. “Sati huɗu kana wuce ni a kan keken nan kana ɗaga min hannu kamar mai neman ƙuri’a. Ɗan mutane ya gwammace ya karye.” Na sunkuyar da kai. Haushin da na ji a lokacin ba na abin da na yi ba ne, na cewa abin ya juye ya zame masa alheri ne. Haka zuciyata take a lokacin.

Keken Badamagare ya yi sati uku a ɗakina. Ranar da zan mayar masa, na zauna na sassauta sukurun nan huɗu har ƙarshen ragi, don kada wani ya duba. Na same shi shi kaɗai, hannu a rataye a wuya, yana koyon buga rubutu da hagu. Ya tashi ya russuna. Ya sa yatsa ya taɓa fedar, ya leƙa.

“Ka sassauta ke nan, Yaya.”

Na ce ban gane ba.

“Takardar cikin kwalin har da Faransanci a jiki. Ranar Juma’a na karanta, na duba, na ga an kai su ƙarshe.”

Na ce, “To me ya hana ka sassautawa?”

“Kai ka ɗaura. Da na taɓa, da ka ce Badamagare ya raina aikinka. Na ce in faɗuwa ce kake so, bari in faɗi maka sau biyar sau shida, ko ka huce.” Ya kalli hannunsa. “Duk wannan na ɗauke shi wasa. Amma ka ce min Baba yana Harlem. Wannan ce har yau ban gane wasanta ba.”

Bai sake tada maganar ba. Bai gaya wa Baba ba har Allah ya yi wa Baba rasuwa, bai gaya wa ƙanwata ba ko bayan ta zama matarsa. Har gobe in zance ya zo, ƙanwata takan ce ba za ta manta yadda na tsaya a kansa a asibiti ba, ni kuma in ce ai ba komai. Keken yana rataye a bangonsu, ba a sake hawansa ba. Na daina ce masa bawana, mutane har suna tambaya ko mun ɓata ne.

Hannun bai koma daidai ba. Ba ya lanƙwasuwa baya, don haka in ya yi sujada tafin ba ya kwanciya a ƙasa, sai ya dunƙule shi ya dogara a kan gaɓoɓin yatsu. Masallaci ɗaya muke Juma’a, kuma yakan riga ni zuwa. Duk sati sai ya tanadar min wuri a sahu, in na shigo ya ɗago hannun hagu ya ce, “Yaya, ga wuri.” Ban sani ba ko kirki ne, ko kuwa shi ma ya iya nasa wasan. Wurin dai kullum a damansa yake, kuma duk sujadar da zan yi, dunƙulallen hannun nan yana dab da fuskata.