Takabar da Ban Nemi Izininta da Wuri Ba

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da aka ce na makara wajen neman hutun takaba ba. Ban iya rubutu ba, Malama Ladi ce ke rubuta mini, domin ku da kuka shigo aiki bayana ku ji.

Shekara goma sha takwas ina shara a firamarenmu ta Suleja. Mai makarantar yana da wasu biyu, a Maje da Lambata, kuma ofishi ɗaya ke kula da duka. A shekarar da nake faɗa ofishin ya sabunta dokokin aiki. Tsintsiya ma sai an cike takarda kafin a saya. Hutu kuwa, kowane iri ne, sai an nema mako biyu kafin a fara shi. Wanda ya yi kwana biyar bai dangwala a littafin zuwa aiki ba, an sallame shi.

Da damina Malam, maigidana, ya rasu. Zazzaɓin kwana biyu ne kawai. Allah ya jiƙansa. Dakata, Ladi, bari in share ido.

Bayan sadakar uku sai ga sakataren ofis, Malam Sani, har gidanmu a Chaza, tare da shugabar makarantarmu, Madam Rifkatu. Ya yi gaisuwa da kyau, sannan ya zaro takarda.

"Iya, dokar ta ba ki hutun takaba cikakke. Matsalar dai ba ki nema da wuri ba."

Na ce, "Ɗan nan, da wuri yaushe?"

"Mako biyu kafin rasuwar."

Madam ta ce, "Haba Malam Sani! Wa ya aiko mata da notis?"

Ya ce ba shi ya rubuta dokar ba, amma ya samo dabara. Zai mayar da kwanan watan baya, in dangwala, shi ke nan. Na ce ya karanta mini. Takardar ta ce ni Asabe ina neman hutu saboda mijina zai rasu nan da mako biyu.

Na lissafa ranar da ya sa. Ranar ce Malam ya hau rufin ɗakinmu yana toshe yoyo, yana yi mini tsiya wai miyata ba gishiri. Na ce yatsana ba zai hau takardar da ta ce na san zai tafi ba. Malam Sani ya ce to saura kwana biyu a sallame ni. Ga shi ba ni da abin riƙe kaina sai aikin nan. Na fashe da kuka.

Madam ta karɓi littafin dokokin, ta daɗe tana juya shi. Can ta ce, "A ina aka rubuta wurin da za ta share?"

Ba a rubuta ba.

Nan take ta cike mini takardar hutu da kwanan watan gaskiya, hutun zai fara bayan mako biyu. Ta rubuta wata, cewa ta canza mini wurin aiki zuwa tsakar gidana. Malam Sani ya ce ai sai da tsintsiyar makaranta, ita kuma ba ta fita sai da takarda. Aka cike wa tsintsiya tata. Tata ta fita kafin tawa.

Mako biyu cur, kullum da safe Madam na hawo acaba da littafin zuwa aiki. In share tsakar gida, ta zagaya ta duba kamar gaske, ta ce, "Mama, ga ganye can." In dangwala. Sannan ta ajiye littafin ta zauna kusa da ni a tabarma. Malamai kuma suka riƙa share azuzuwa da kansu.

Na gama takabata, na koma bakin aiki har na yi ritaya. An ce yanzu an gyara dokar.

Abin da na gani a aikin nan, takarda ba ta san mutuwa ba, sai wanda ya riƙe ta. Idan ta zo hannunku, ku ɗaga kai ku dubi mutumin da ke gabanku kafin ku karanta masa.

Wurin da Malam ya toshe har yau bai yi yoyo ba.