Awon Fenda da Kara

A shekarun da sama ta yi mana rowa, rijiyoyin unguwarmu a Sabon Birni suka ƙafe, sai an fita can bayan gari ake samun abin zubawa a randa. Mu da sauƙi, don Baba na da tsohuwar mota da ke kwaso mana jarkoki. Ana haka sai wani sa na maƙwabcinmu, wanda yunwa ta bar masa fata da ƙashi, ya zo sosa jiki da motar. Ƙafafu suka gaza masa, ya zube a kan fendar hagu, wato ƙarfen da ke rufe tayar gaba. San ya tashi. Fendar ce ba ta tashi ba.

Inji lafiya, taya lafiya. Amma Baba ya rantse ba zai ratsa gari da mota tsirara ba, jama'a na kallon hanjinta. Aka ajiye ta gindin dogonyaro, jarkoki suka dawo kaina da na Inna.

Neman wata fendar aka ɗora wa Kawu, yayan Inna, wanda shi ke auna mamaci da kara a unguwa kafin a gina kabari. Bai canza sana'a ba. Ya zaro karan dawa daga darni, ya gwada fendar da ta rage daga fitila zuwa ƙofa, ya karya daidai. Na ce ya dai gaya wa masu kayan gwanjo sunan motar da gefen, ai sun sani. Ya ce karan da bai taɓa kunyata gawa ba, ba zai kunyata mota ba, kuma boko bai ƙare ni da komai ba sai baki.

Ya hau kabu-kabu zuwa Isa, kara a tsaye kamar tuta. Wajen Kamarawa mutane suka gane shi, suka tsai da mashin suna tambayar wa aka rasa. Kawu ya sha addu'a, ya sha fura, ya isa kasuwa an tashi. Ni kuwa ina nan ina tufka gammo.

Sai aka ce a gwada Burkusuma, inda ɓaraguzan motoci ke shigowa daga hayin iyaka. Can Kawu ya jingine karan a bangon masallaci ya shiga salla. A shekarun nan kara nama ne wajen akuya. Mai mashin da ya kai shi ne ya ba mu labari daga baya: Kawu ya fito ya tarar wata ta ci kusan taki guda, ya kore ta, ya duba, ya ce lasa kawai ta yi. Mai kaya ya yi ta tono har ya samo wadda ta yi daidai da karan cif, jawur, ta wata 'yar ƙaramar mota.

Da aka kara ta a tamu, giɓin da ya rage kaza za ta shige. Kawu ya ce zafi ne ya miƙar da motar, gawa ma takan yi haka. Baba ya ce a karyo sabon kara.

Nan haƙurina ya ƙare. Na kwashe jarkokin gidan na cusa a motar, na shiga na zauna.

"Baba, wuyana in ya karye ba a samun na gwanjo a Burkusuma. Ni dai ba ni sake zuwa rijiya da ƙafa. Ko a tada motarga, ko kowa shi yi taimama."

"Ɗiyarga ba ta da kunya," in ji Kawu.

 Inna dai ta fito da randa ƙofar gida ta kife ta.

Baba ya daɗe yana duban randar. Sannan ya sa aka ɗaure jar fendar da waya, ya ja hula har gira, muka tafi tana kaɗa mana ganga. A bakin rijiya ba wanda ya ɗaga kai, idon kowa na kan guga. Wani dattijo ne kaɗai ya matso, ya dafa fendar, ya tambayi Baba ko akwai wurin jarka biyu a baya.