Uwaisu da Ruwan Jiya

Shekarar da Dutse ta zama babban birnin jiha, Uwaisu ya baro Miga ya samu aiki a wani ɗan asibitin haƙori. Aikinsa shara, dafa kayan aiki, da cika gorar da ke maƙale a gindin kujerar likita, wadda wani siririn tiyo ke kai ruwanta bakin majinyaci.

Ɗan malamai ne, tsaftarsa har ta so ta yi yawa. Amma ya tashi a gidan da ake jan guga gaba ashirin, inda zubar da ruwa ya fi zagi ciwo. Dokta Bubayero, mai asibitin, ya ce masa kullum da safe ya zubar da ruwan jiya, ya bar tiyon ya tsiyaya minti biyu. Uwaisu ya ce to, irin "to" ɗin da ba ta wuce leɓe. Sai ya ɗaga gorar ya duba launi, ya shinshina, ya ɗanɗana, kamar yadda ya karanta a babin tsarki. Ukun nan ba su sauya ba? Ai ruwa lafiyarsa ƙalau. Ya ƙara sabo a kai, yana jin daɗin dabararsa.

Ana saura mako biyu azumi ya kawo mahaifinsa, Malam Ɗayyabu, a cire masa haƙorin turmi, don shi ke tafsiri a garinsu shekara talatin ba fashi. Kwana huɗu da cirewa kumatun Malam ya haye kamar ya ƙunsa goro goma. Ko Fatiha ba ta fita daidai.

Likita ya yi ta bincike, a ƙarshe ya tsaga tiyon. Ciki duk yauƙi ne kore.

"Ƙwayoyin cuta ne suka yi gida," in ji shi. "Kana zubar da ruwan kuwa?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya. Kunya ta kusa kashe shi.

Da ya je neman gafara, Malam ya yi magana da gefen baki: "Kai Uwaisu, abin da na koya maka na alwala ne. Yaushe na ce maka na rami a dasashi ne?"

Ba a kori Uwaisu ba. Tun daga ranar yake tare ruwan jiya a bokiti yana ba wani zogale a bayan asibiti, don har gobe ba ya iya zubarwa a banza. Malam ya warke bayan sallah. Amma azumin shekarar, wani ne ya hau buzunsa, Malam kuwa yana sahun baya yana sauraro.